Ƙyallen da Na Kai Doha Na Dawo da Shi

Tun da na dawo daga Doha abokai ba su bar ni na huta ba. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, har a layin banki, tambayar ɗaya ce: "Lawal, yaya ƙasar Larabawa? Ka shiga filin ƙwallo? Ina tsarabarmu?" Nakan ce lafiya lau in wuce. To, na gaji da wannan lafiya lau ɗin, shi ya sa na zauna in rubuta. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba, kuma ba zan kama sunan kowa cikin manya ba, don har gobe ni ma'aikacin wucin gadi ne.

Sai na fara da dalilin tafiyar. A farkon daminar shekarar korona guguwa ta afka wa garinmu, Kwarin Gawo, ta yaye rufin gidaje masu yawa. Har da ɗakin Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Ita da wasu matan suka koma ajin firamare, tunda makarantu na rufe. Da aka buɗe makaranta aka ce su tashi. Da ɗan abin da nake samu na sayi katako aka kafa mata, amma kwano ya fi ƙarfina, sai tsohuwar leda da zana muka ɗora. Kowace damina a zaune take kwana da roba a gabanta.

A shekarar koronar ne dai aka kawo ƙudurin doka a majalisar jiharmu, na a kafa asusun da gwamnati za ta riƙa zuba kuɗi don agajin waɗanda guguwa ko ambaliya ta shafa. Ni labarin ƙasa na karanta a jami'a, sai aka ɗauke ni in taimaka wa kwamitin da aka miƙa wa ƙudurin. Aikina na farko shi ne cire wani sashe da ke maganar kwashe mutane daga bakin teku. Ga alama daga dokar wata ƙasa mai fama da guguwar teku aka kwafo shi. Ban ce haka aka yi ba, amma dai jiharmu ba ta da teku.

Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, saura a zauna a ji ra'ayin jama'a, wanda a ƙa'ida sai an yi shi kafin karatu na uku. Aka ce korona ta hana taro, kuma wannan gaskiya ne. Korona ta lafa, aka ce a jira kasafi. Kasafi ya zo, ambaliyar bara ta zo ta ƙara da nata. Rannan kawai Sakataren kwamiti ya kira ni ofis ya ce in kawo fasfo, kwamiti zai tafi Ƙatar ya ga yadda suke kula da asusun bala'i.

Na ce, "Yallaɓai, Ƙatar ana guguwa irin tamu?"

Ya ce, "Kai aikinka rubutu. Kana da fasfo ko ba ka da shi?"

Na ce ina da shi. Na kuma lura cewa ranakun tafiyar sun faɗo daidai da gasar cin kofin duniya. Na gaya wa kaina wataƙila dacewa ce.

Ba a ba mu biza irin wadda na sani ba. An ce a watan nan ba a shiga ƙasar sai da katin 'yan kallo, katin kuma ba ya fitowa sai da tikitin wasa. Na bincika da kaina, don ba na son in zargi mutum a banza, na tarar haka dokar take. Saboda haka kowane Honarabul ya sami tikiti don kishin talakawa. Ni ma an yankar mini, mafi araha, na wasan da ranarsa ta wuce muna hanya.

Daga babban birnin jiha muka kama hanyar Kano a jerin motoci. Ni ina motar kaya. A wani ƙauye ruwa ya cinye rabin kwalta tun damina, mutane sun kafa bukkokin buhu a gefen titi, mata na girki a kan duwatsu. Jiniyar gaba ta buɗe hanya, muka ratsa su ba wanda ya sauke gilashi. Direbanmu ya ce, "Ai da nan suka tsaya, da sun gama karatun da za su je yi." Na ce masa ya yi a hankali da bakinsa. A raina kuwa na yarda da shi.

A filin jirgi Sakatare ya miƙo mini wani abu dogo a naɗe cikin takarda, ya fi ni tsawo. Ya ce, "Wannan amanarka ce. In ya ɓata, kai ma ka ɓata." Ban tambayi ko mene ne ba. Na yi gwajin korona duk da an ce an daina tambaya, na kuma ɗaura takunkumi biyu. Ciyaman ɗin kwamiti ya dube ni ya ce, "Wannan yaron gawa za mu kai ne?" Aka yi dariya. A cikin jirgi ban iya cin komai ba, ina ta tunanin ko amanar tawa ta karye a ƙarƙashin akwatunan mutane.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a Doha shi ne layi. Babba da yaro kowa ya tsaya, ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Na ga Ciyaman yana waige-waige, yana neman wanda zai miƙa wa jakarsa. Ni kuma hannuna biyu na kan dogon naɗin nan.

A wurin duba kaya wani jami'i ya ce in warware. Muka shimfiɗa shi a kan tebur, har ya zubo ƙasa. Ƙyallen sanarwa ne, irin mai kaurin nan kamar tamfol. Ga hoton Ciyaman ƙato, yana murmushi, hula ta karkace. A ƙasa an rubuta da Turanci da Hausa: Zaman Jin Ra'ayin Jama'a kan Ƙudurin Asusun Agajin Guguwa da Ambaliya. Ba a sa wuri ba, ba a sa rana ba.

Jami'in ya nuna hoton ya ce da Turanci, "Kocin ƙwallonku ne?"

Na ce a'a, ɗan majalisa ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, in wuce. Na naɗe ina gumi. Na ce wa kaina ƙila kuskure aka yi aka haɗo shi da kayan tafiya. Zuciyata dai ba ta karɓi wannan bayanin ba.

Otal ɗin da aka kama wa kwamiti ba sunana a ciki. Sakatare ya ce gari ya cika, in yi dabara. Allah ya taimake ni ina da lambar Anti Rahila, 'yar garinmu, ma'aikaciyar jinya ce a can tun kafin korona. Gidan mahaifinta na bayan coci, guguwar da ta yaye ɗakin Goggo ita ta yaye nasu. Ta ce, "Ƙanena, kar ka motsa daga inda kake." Ba a jima ba ta turo wani direba ɗan Gana, Alhassan, mutumin zangon Hausawan can, ya kai ni unguwarsu, Najma.

Najma ba ta yi kama da Dohar talabijin ba. Gidaje ne a cushe, shagunan canji, ƙananan wuraren cin abinci, ƙamshin albasa da turare a haɗe. Ɗakin su Alhassan gadaje ne masu hawa biyu, kowa ya kewaye nasa da labule. Aka ba ni gadon wani da ke aikin dare, in ya dawo da safe in tashi in ba shi. Ƙyallen kuwa ba inda zai shiga sai tsaye a kusurwa, kamar baƙon da aka hana wurin zama.

Alhassan ya ce, "Ɗan'uwa, ku Najeriya me kuka zo kallo? Ba mu muka fitar da ku ba?"

Na ce ba kallo muka zo ba, aikin dokar guguwa ne.

Ya ce, "Aikin guguwa? A nan?" Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen gado. "To ku sayi gilashin ido. Tasu ta yashi ce."

Shi ya koya mini shan karak, wani shayi mai kauri da madara da ƙamshi, da cin shinkafarsu mai kaza a faranti ɗaya da mutanen da ban san harshensu ba. A gida in baƙo ya zo sai an yi ta gaisuwa kafin a ci. A nan mutum zai matsa maka wuri kawai, ya tura maka naman da ke gabansa, ya tashi ya koma aiki. Da fari na ɗauka rashin tarbiyya ne. Daga baya na gane lokacinsu ba nasu ba ne, na kafil ne, wato wanda ya ɗauko su aiki.

Ziyarar aiki ɗaya muka yi, kuma ina so in yi adalci, an yi ta. Mun je wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar kusan ba kowa, don saboda gasar an ce yawancin ma'aikata su yi aiki daga gida. Wata jami'a ta karɓe mu da mutunci, aka kawo dabino da gahawa a 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Ba wanda ya gaya mini sai ka girgiza kofin ake daina zuba maka. Na yi ta sha don kar in yi rashin kunya, har hannuna ya fara rawa da kansa, sannan mai zubawar ya ƙyale ni. Jami'ar ta ce gaskiya su ba su cika ganin iskar da ke ɗauke rufi ba, amma za ta yi mana bayanin magudanan ruwa. Ta yi. Ni kaɗai na rubuta. Da ta ce ko akwai tambaya, wani Honarabul ya tambayi inda kasuwar gwal take.

Da yamma Sakatare ya kira ni. Ya ce 'yan jiharmu mazauna Doha sun shirya wa kwamiti liyafa ranar Juma'a a unguwar Mu'aither, in zo da ƙyallen da ƙusa.

Na ce, "Yallaɓai, liyafa ce ko zaman jin ra'ayi?"

Ya ce, "Su ba jama'a ba ne? Ba 'yan jiha ba ne? Ka rataya, a ɗauki hoto, ka rubuta rahoto, ƙuduri ya wuce. Ba kai ne kullum kake damuna da goggonka ba?"

Nan ya kama ni. In an yi hoton, ƙuduri zai matsa gaba, ƙila Goggo ta sami kwano kafin damina. Amma akwai wani sashe a cikinsa da ya ce kayan agaji ta hannun ɗan majalisar kowace mazaɓa za a raba su. Duk wanda ya taɓa ganin rabon taki a garinmu ya san ma'anar wannan. Kuma wannan sashen ne mutanen gida za su yi magana a kai, da an tambaye su.

Na kasa riƙe abin, na gaya wa Anti Rahila muna kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, tana zaɓen kuɓewa. Ta ajiye kwandon ta dube ni.

"Wato mu ne jama'ar?"

Na ce, "Haka na fahimta, Anti. Ƙila kuma ban fahimta daidai ba."

"Ka fahimta. Kai dai kullum sai ka sa ƙila." Ta yi tsaki. "Na roƙi canjin diuti sau nawa kafin a ba ni Juma'ar nan? Lokacin korona ina nan cikin rigar leda, babana na can yana kwana a coci, ba jirgi balle in je. Yanzu su zo su ci tuwona su mai da ni ƙauye?" Ta ɗauki kwandonta. "To shi ke nan. Ka rataya musu. Tunda jin ra'ayi suka rubuta, wallahi sai sun ji."

A gidan wani likita ɗan jiharmu aka yi liyafar, bayan sallar Juma'a. An zo da yawa, injiniyoyi, malaman jami'a, ma'aikatan jinya, Musulmi da Kirista. Mata sun yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, da waina, da zoɓo. Na buga ƙusa na rataya ƙyallen a bangon falo. Manyan suka iso a makare, wasunsu da gyalen ƙwallo a wuya. Aka yi addu'a, aka ci, aka yaba miya. Sakatare ya tafa hannu ya ce kowa ya matso gaban ƙyalle.

Anti Rahila ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin hoto, jama'a na da magana."

Ta buga kiran bidiyo, ta jingina wayarta da tulun zoɓo, ta juya ta wajen Ciyaman. Ƙaninta, malamin makaranta, shi ke riƙe da waya a can Kwarin Gawo. Su lokacin hantsi ne, ba a tafi masallaci ba. Ga mutane cike a gindin bishiyar firamare, mai unguwa, liman, fasto, mata a gefe. Sai ga fuskar Goggo Hajo ta cika wayar, ta matso da ita har hancinta.

"Babana, kai ne? Ka rame." Haka take kirana, don sunan mahaifinta gare ni. "Ina mai dokar?"

Ciyaman ya gyara zama ya ce, "Ga ni, Goggo. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi, ɗaki ne ba sauƙi. Ɗana, an ce kun tafi ƙasar Larabawa ku ji ra'ayinmu. Mu kuwa muna nan inda kuka bar mu. Motar kasuwa ma tana zuwa."

Wani injiniya ya ƙware da zoɓo. Goggo ta ci gaba.

"Magana ɗaya ce. In kwanon ya zo, kar a ba ɗan siyasa ya raba. Ga liman, ga fasto, ga hedimasta, su sun san ɗakin da ke zuba. Wancan karon da aka kawo taki, sai da aka tambaye ni wa na zaɓa. Ni ruwa bai tambaye ni wa na zaɓa ba, shigowa kawai yake yi."

Mutanen bayanta suka ɗauki hayaniya, kowa na so a ba shi waya. Mai unguwa ya karɓa ya fara gaisuwa. Ciyaman ya dubi agogo.

"Mun ji, Goggo, mun ji. Sabis ɗin ba kyau, maganar na yankewa."

Ba ta yankewa. Ina tsaye kusa, har kukan akuya ina ji. A wannan kam ba ni da ƙila.

Anti Rahila ta ce, "Ranka ya daɗe, sabis lafiyarsa ƙalau. Mai unguwa ne ke magana."

"Sista, za mu zo har gida, in sha Allahu. Yanzu akwai cunkoso a hanya." Ya miƙe ya tsaya a ƙarƙashin hotonsa. Sauran suka jeru. Wasu daga cikin masu gida suka shiga don kunya, wasu suka ƙi. Anti Rahila ta ɗauki wayar ta ɗaga ta sama a tsakiyarsu don mutanen gari su fito a hoton, mai ɗauka ya matsa gefe ya yanke ta. Kafin mai unguwa ya gama gaisuwarsa motoci sun tashi. Mu muka zauna muka saurare su har ƙarshe, ni da masu wanke kwanuka, na rubuta duk abin da kowa ya ce.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Ba tafiyar ce ta fi ƙona mini rai ba, ba ƙwallon ba ce. Mutum ya ci tuwon mace, tsohuwa ta kira shi ɗana, ya dubi idonta ya ce ba ya ji. Wannan ne.

Ranar dawowa akwatunan manya sun cika da turare da dabino da rigunan ƙwallo. Na tambayi Sakatare yadda za a yi da ƙyallen. Ya ce, "Ya gama aikinsa, yar da shi." Alhassan ya taya ni ninke shi, ya ce, "Wannan ledar mai kyau ce, ɗan'uwa, ruwa ba ya ratsa ta." Na cusa shi a jakata. Shi ne tsarabar da kuke tambaya.

Na rubuta rahoto na sa komai, har maganar taki. Na kuma rubuta a fili cewa liyafa aka yi, kuma ya kamata a je Kwarin Gawo a zauna. Rahoton da aka ajiye a gaban majalisa bai kai rabin nawa ba. Akwai hoton, akwai jimla ɗaya mai cewa masu ruwa da tsaki sun nuna gamsuwa. Sashen rabo na nan yadda yake. Duk da haka ba a yi karatu na uku ba, don majalisa ta tafi hutun yaƙin zaɓe. Ban ce ƙudurin ya mutu ba. An ce sabuwar majalisa na iya ɗauko shi daga farko, ta sake jin ra'ayin jama'a.

Makon jiya na je gida, don hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ledar ɗakin Goggo rana ta cinye ta, taɓa ta ka yi sai ta ruguje. Na warware ƙyallen, na hau bisa katakon da kafinta, muka ja shi muka buga ƙusa. Ya rufe daidai saman gadonta, har ya ɗan rage. Na sauko na ce ta shiga ta gani.

Ta shiga ta kwanta ta dubi sama. Ciyaman na kallonta, yana murmushi, hula a karkace.

"Babana, wannan ba shi ne mai cewa ba ya ji ba?"

Na ce shi ne.

"To ba zan kwana yana kallona ba. Hau ka juya shi. Fuskarsa ta dubi sama, in ruwan ya sauko ya ji da kansa."

Na hau na cire ƙusoshin, na juya shi.